Ilimi kyauta ne a tsarin mulki: za mu iya maka gwamnatin jiha a kotu?

Tambaya

Barista, barka da aiki. Ni ne shugaban kwamitin iyayen yara na firamaren ƙauyenmu a nan jihar Bauchi. Iska ta yaye kwanon azuzuwa biyu, yau damina biyu ke nan ba a gyara ba. Malamai uku ne ke riƙe da aji shida. Kowane zango kuma sai an karɓi kuɗi a hannunmu, wai na jarrabawa da na alli, wanda bai kawo ba a koro shi gida. Wani ɗanmu da ke jami'a ya ce tsarin mulki ya ce ilimi kyauta ne, mu kai gwamnati kotu. Wani kuma ya ce kotu ba ta sauraron irin wannan ƙara. Wanne za mu kama?

Amsa

Malam, barka kadai. Allah ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya, don shugabancin kwamitin iyaye aiki ne na shan zagi ba albashi. Yaran nan biyu kowa ya riƙo gefe ɗaya na gaskiya. Na jami'ar bai yi ƙarya ba, maganar tana nan a rubuce. Ɗayan ma bai yi ƙarya ba, akwai sashen da ya garƙame ƙofar kotu a kan wannan magana. Abin da ba su gaya maka ba shi ne akwai wata ƙofa ta gefe da aka buɗe tun 2004, kuma mai son shiga ta nan yake bi.

Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ke cikin Babi na Biyu, ya ce gwamnati za ta yi ƙoƙarin kawar da jahilci, za ta samar da ilimin firamare kyauta kuma dole ga kowa, da na sakandare kyauta, da na jami'a kyauta, har da yaƙi da jahilci na manya. Mai karantawa sai ya ce magana ta ƙare. Amma a tsakiyar jimlar an cusa wasu 'yan kalmomi da ke cewa za a yi hakan ne a lokacin da ya yiwu. To wa zai ce ya yiwu ko bai yiwu ba? Gwamnatin da ake bi bashin. Kamar ka ranta wa mutum buhun masara ne ya rubuta maka takarda cewa zai biya ranar da ya samu hali, alhali shi kaɗai ke da ikon cewa ya samu.

Wannan ma da sauƙi. Babban kwaɗon yana can farkon kundin, a sashe na 6, ƙaramin sashe na 6, sakin c. Nan aka ce ikon kotuna bai kai ga bincikar ko wani aikin gwamnati, ko rashin aikinta, ya dace da abin da ke Babi na Biyu ba. Ke nan babin da ya yi alƙawarin ilimi da lafiya da abinci da matsuguni, an cire shi gaba ɗaya daga hannun alƙali.

Ina ƙaramin lauya na ga yadda wannan yake a zahiri. Wasu dattawa sun yi hayar bas tun asuba daga ƙauyensu kan maganar makarantar garinsu, suka cika bencin baya na kotu da manyan riguna. Lauyansu ya gina ƙarar kacokan a kan sashe na 18. Lauyan gwamnati, wani matashi da ko fayil bai buɗe ba, ya miƙe ya ce kotu ba ta da hurumi, ya ambaci sashe na 6, ya zauna. Aka ɗage. Ranar da aka dawo, minti goma bai cika ba alƙali ya yi watsi da ƙarar. Wani tsoho daga cikinsu ya tare ni a bakin ƙofa, ya gan ni da baƙar riga ya zaci ina cikin lauyoyinsu, ya ce, "Yaro, cewa aka yi mun yi ƙarya?" Na ce a'a Baba, ba a ma kai ga duba maganarku ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyara hularsa ya ce, "Lallai shari'a saɓanin hankali."

Ba 1999 aka fara wannan tsari ba. Daga kundin 1979 aka kwaso shi, wanda kwamitin da Janar Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya tsara, su kuma daga Indiya suka aro dabarar. Hujjar masu rinjaye ita ce idan aka bar kotu ta riƙa umartar gwamnati ta gina makaranta nan, ta haƙa rijiya can, alƙalai ne za su koma rubuta kasafin kuɗi, alhali ba su aka zaɓa ba. Mutum biyu a kwamitin ba su yarda ba, Dokta Yusufu Bala Usman da Dokta Segun Osoba, suka rubuta nasu rahoton daban suna neman a mai da irin waɗannan abubuwa haƙƙin da talaka zai iya nema a kotu. Aka ajiye rahoton nasu a gefe. A 1981, a shari'ar Akbishop Okogie da gwamnatin Legas ta Jakande, wadda ta so ta soke firamaren kuɗi da sunan daidaita ilimi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ƙarƙashin marigayi Mai shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, ta ce mai hukunta gwamnati kan Babi na Biyu shi ne majalisa da masu jefa ƙuri'a, ba kotu ba.

Ni dai ban ɗauki hujjar masu rinjayen a matsayin shirme ba, akwai gaskiya a cikinta. Sai dai Indiyar da muka yi aro a wurinta ta daɗe da wucewa. A 2002 suka gyara nasu kundin suka ɗauke ilimin yara 'yan shekara 6 zuwa 14 suka mai da shi cikin haƙƙoƙin da kotu ke tilastawa. Mu nan an sha kawo irin wannan ƙuduri a Majalisar Tarayya, amma taɓa Babi na Huɗu, wato babin haƙƙoƙin ɗan Adam da kotu ke tilastawa, sai an samu kashi huɗu cikin biyar na 'yan kowace majalisa, sannan majalisun jihohi 24 su amince. Gwamnan da ya san shi za a fara kaiwa ƙara, ka san ba zai yi ɗokin tura 'yan majalisarsa su sa hannu ba.

Yanzu ga ƙofar gefen. Sashe na 6 ɗin nan ya bar wata 'yar kafa, ya ce sai dai in kundin ya tanadi wani abu daban. A 2002 jihar Ondo ta ƙalubalanci dokar da ta kafa hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC, Kotun Ƙoli ta ce Majalisar Tarayya tana da ikon ɗauko wani abu daga Babi na Biyu ta yi masa doka, kuma da zarar ta yi, kotu za ta yi aiki da dokar. Yaƙi da rashawa a Babi na Biyu yake, amma yau ana ɗaure mutum a kansa saboda an yi masa doka tasa. Haka aka yi wa ilimi. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a watan Satumban 1999, sai a 2004 aka yi masa doka.

Wannan dokar ta 2004 ita ce sandarku, ka sa ɗan naku na jami'a ya nemo ta ya karanta muku, ba ta da tsawo. Sashe na 2 ya ce kowace gwamnati a Najeriya za ta samar da ilimi kyauta kuma dole ga duk yaron da ke shekarun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Babu "lokacin da ya yiwu" a ciki. Sashe na 3 ya ce hidimomin da ake yi a waɗannan makarantu na gwamnati kyauta ne, wanda ya karɓi kuɗi a kansu ya yi laifi, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. A ƙarshen dokar kuma an lissafa abin da ake nufi da hidimomin: littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da tebura, har da abincin rana. Kada ka yi dariya, Malam, haka aka rubuta.

An gwada wannan ƙofa kuma ta buɗe. Wata ƙungiyar lauyoyi mai suna LEDAP ta kai ma'aikatar ilimi ta tarayya ƙara, a watan Maris na 2017 Mai shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa tun da aka yi dokar 2004, ilimin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ya zama haƙƙin da ɗan ƙasa zai iya nema a kotu, kuma nauyin yana kan gwamnatin tarayya da na jihohi. Amma ba zan ɓoye maka raunin abin ba. Hukuncin babbar kotu ne, alƙalin Babbar Kotun Jiha a Bauchi zai duba shi da daraja amma bai zama masa dole ba, tun da matsayinsu ɗaya. Lauyan jiha kuma zai miƙe ya ce tsarin mulki majalisar jiha ya ba ikon yin doka kan firamare, ya ƙara da cewa sashen farko na dokar 2004 da kansa ya ce abin da tarayya ke yi taimako ne kawai ga jihohi. Shi ya sa lauyan da ya san aikinsa ba ya dogara da dokar tarayya ita kaɗai. Kowace jiha ta yi tata dokar da ta kafa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ita ake haɗawa, don ba a ce wa majalisar jiha ba ta da hurumi a gidanta.

Akwai kuma Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda Najeriya ta mai da ita dokar gida tun 1983. Sashenta na 17 ya ce kowa yana da haƙƙin ilimi. Da ita wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a mai suna SERAP ta je kotun ECOWAS, ta kafa hujja da rahoton ICPC kan yadda aka yi da kuɗin ilimin bai-ɗaya a wasu jihohi 10. Gwamnati ta zo da tsohuwar waƙarta ta Babi na Biyu, kotun ta ƙi karɓa a 2009, a Nuwamban 2010 kuma ta ce Najeriya ta cike giɓin kuɗin da suka salwanta don kada karatun yara ya tsaya, ko da ana kan bin waɗanda suka ci. Ban ba ku shawarar ku nufi can ba. Gwamnatin tarayya ake kaiwa wannan kotu, ba ta jiha ba, kuma kwanon aji biyu bai kai a yi masa wannan doguwar tafiya ba.

Ko a nan gida ma, hangen Dala ba shiga birni ba ne. A ce kun yi nasara, alƙali ya ce 'ya'yanku suna da haƙƙi. Wannan takarda ba ta kafa ƙusa ko ɗaya. Gwamnati za ta ɗaukaka ƙara, abin ya ɗauki shekaru, yaron da aka shigar da ƙarar yana aji biyu ya gama firamare ana nan ana ɗagewa. In kuma kuɗi kotu ta ce a biya, dokar zartar da hukunci ta ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai an nemi yardar Antoni Janar, wato mutumin da ya tsaya yana kare gwamnati a shari'ar taku. Saboda haka ni ba na ƙarfafa wa mutane gwiwa su shiga da babbar ƙara mai cewa "gwamnati ta gaza a harkar ilimi". Tana da daɗin ji a rediyo, amma babu wani jami'i ɗaya da za a nuna a ce kai ne za ka yi kaza kafin rana kaza. Ƙaramar ƙara mai hujja a hannu ita ke cizo. Kokenku uku ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi ƙarfi shi ne na kuɗin da ake karɓa. Iyaye su zauna da kansu su yanke cewa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a sayi tsintsiya ko a biya maigadi, wannan gudummawa ce, doka ba ta hana ba. Amma ranar da aka ce yaro ba zai shiga aji ba, ko ba zai rubuta jarrabawa ba, sai ya kawo, to ya tashi daga gudummawa ya koma kuɗin makaranta, ko da wane suna aka laƙaba masa. Koro yaran nan gida shi ne hujjarku mafi kaifi. Ku rubuta sunan kowane yaro da ranar da aka koro shi, wanda aka ba rasit ya adana.

Sai dai ina roƙonka kada ku fara da hedimasta. Na taɓa zama da wani hedimasta a ofishinsa, in ma za a kira wurin ofis, ya jawo wani tsohon littafin rubutu mai shafi arba'in daga aljihun tebur ya buɗe mini. Kwalin alli, rijistar kiran suna, kuɗin buga takardun jarrabawa a shagon kwamfuta na cikin gari, kuɗin mashin na kai sakamako ofishin sakataren ilimi, duk ya rubuta har da kwanan wata. A ɗaya shafin kuma ga abin da ya karɓa daga iyaye, bai ma kai ba, ya cika daga albashinsa. Ya ce, "Barista, in na daina karɓa da gawayi zan rubuta?" Ban ce duk haka suke ba, akwai masu ci. Amma in kuka kai irin wannan gaban majistare, kura ce ta sha bugu gardi ya tafi da kuɗi. Abin da ya fi shi ne kwamitinku ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi ga shugaban SUBEB, ku ce dokar 2004 ta hana karɓar kuɗi, mun daina biya daga zango mai zuwa, muna neman a kawo alli da kayan jarrabawa kamar yadda doka ta ɗora muku. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Takardar da ba a buga wa hatimi ba, gobe za a ce ba a taɓa ganinta ba.

Maganar kwano kuwa sai an bi sawun kuɗi. Dokar 2004 ta ce gwamnatin tarayya ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ba ta zuba wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC. Daga ciki akwai kason gine-gine da gyare-gyare da ake raba wa jihohi, amma jiha ba ta taɓa nata sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, ta kuma kai jerin ayyukan da za ta yi da shi, makaranta kaza aji kaza. Shi ya sa kake jin UBEC lokaci-lokaci tana kukan cewa biliyoyin naira na nan jibge jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Tambayar da za ta yi muku amfani ita ce: makarantarmu tana cikin jerin ko ba ta ciki? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar tambaya a rubuce, hukuma kuma tana da kwana 7 ta amsa. Jihohi sun daɗe suna cewa wannan dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau, a wata ƙara da ta taso daga jihar Edo.

In amsa ta nuna an ba da kwangilar gyaran azuzuwan nan, an biya, ba a yi ba, to kun fita daga muhawarar tsarin mulki gaba ɗaya, kun shiga maganar ɗan kwangila da wanda ya sa hannu cewa an kammala aiki. Wannan ta ICPC ce da EFCC, kuma na ga wurin da kwafin takardar koke kaɗai ya sa aka wayi gari da kafinta a kan rufi. In kuma ba ta cikin jerin, ku nemi a saka ta, ku kama ɗan majalisar jiha na mazaɓarku tun kafin a gabatar da kasafin kuɗi, ba bayan an sa hannu ba. Sai an nema a rubuce an ƙi, ko an yi shiru, sannan lauya zai iya roƙon babbar kotu ta ba da umarnin da muke kira mandamus, wato ta tilasta wa hukuma yin aikin da doka ta ɗora mata. Babbar kotu na ce, ba kotun shari'ar Musulunci ta garinku ba, wannan ba huruminta ba ne. Kuma kada a yi sanyin jiki, don akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke cewa a shigar da ƙara cikin wata 3, wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa kafin a kai su kotu. Ƙararraki da dama a nan suke mutuwa tun ba a taɓa gundarin magana ba.

Na malamai shi ne mafi wuya a kotu, gara in gaya maka tun yanzu. Alƙali ba ya son ya zama mai raba malamai. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, wanda shekara da shekaru yake bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, aka yi ta murna, amma ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da a mai da albashinsu hannun ciyamomi, don tsofaffinsu ba su manta da watannin da aka yi ba biya ba a shekarun baya. Kafin a gama wannan ja-in-ja, ga abin da ke hannunku: ku nemi jerin malaman da aka tura makarantarku a takarda. Sau da yawa za ka tarar sunaye bakwai ko takwas ne, uku ke zuwa, sauran suna cikin gari sun san wani. Wannan ba ya buƙatar alƙali, yana buƙatar kwamitin da zai riƙa duba rijistar zuwan malamai duk mako ya kai rahoto a rubuce. In kuwa za ku iya nuna cewa da gangan aka kwashe muku malamai saboda ƙauyenku bai zaɓi wani ba, to sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda al'ummar da mutum ya fito, ko ƙabila, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Faɗa da baki dai ba ya isa, sai da takardun sauyin wurin aiki da kwanan watansu.

Wannan sashe na 42 yana Babi na Huɗu ne, babin da ƙofarsa take a buɗe, kuma duk rigimar makaranta da ka ji ta yi nisa a kotu, ta nan ta bi. Dubi ta hijabi a Legas. Ba a ce "ilimi haƙƙinmu ne" ba, an ce hana ɗaliba sa hijabi ya taɓa 'yancin addini na sashe na 38. Aka faɗi a babbar kotu, aka yi nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Yunin 2022 da rinjayen alƙalai 5 cikin 7. Mutanenmu sun yi murna, kuma ya dace. Sai dai a sani sashen nan bai san ɓangare ba. Shi ne ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Yadda ya kare 'yar Musulmi a Legas, haka yake kare 'yar Kirista daga Bogoro ko Tafawa Ɓalewa da ke makarantar gwamnati a cikin garin Bauchi.

Ka tuna hayaniyar azumin 2025, lokacin da Bauchi da Kano da Katsina da Kebbi suka rufe makarantu kusan mako biyar, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta ce an tauye haƙƙin ɗaliban da ba Musulmi ba har ta yi barazanar zuwa kotu, gwamnati kuma ta ce jadawalin karatu ne da aka tsara tun farkon shekara. In ka tambaye ni a matsayin lauya, tsara jadawalin zango ikon jiha ne, kuma tun da kowa aka sallama gida, tabbatar da nuna bambanci ba zai zo da sauƙi ba. Inda maganar take da nauyi shi ne lissafin kwanaki: shin an mayar wa yara makonnin a wani wuri, musamman masu shirin WAEC da JAMB waɗanda ba a ɗaga musu ranar jarrabawa? Abin da ya ba ni haushi a lokacin shi ne yadda kowane ɓangare ya samu murya kan mako biyar, alhali yaran ƙauyenku duk ranar da hadari ya haɗu an tashi makaranta ke nan, damina biyu a jere, babu wanda ya kira taron manema labarai.

Wata magana kuma da ba za ta yi wa wasu 'yan kwamitinku daɗi ba. Dokar 2004 kaifi biyu gare ta. Sashen da ya ɗora wa gwamnati nauyi, shi ne ya ɗora wa uba nauyin kai ɗansa makaranta har ya gama ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, daga nan naira 5,000 ko wata 2. Lauyan gwamnati mai wayo, abu na farko da zai nema shi ne rijistar kiran suna ta lokacin shuka da girbi da ranar kasuwa. In ya nuna wa alƙali cewa rabin ajin suna gona ko talla, ya riga ya karya muku gwiwa ko da doka tana gefenku. Ku fara gyara wannan a tsakaninku, da mai unguwa da liman.

Batun kuɗin lauya kada ya tsorata ku. Ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ba ƙungiya ko wani mai kishi damar shigar da ƙara a madadin waɗanda abin ya shafa, ba a korar ta don an ce ba ɗansa ba ne. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da hukumar karɓar koke-koken jama'a duk suna da ofis a Bauchi, kuma ba a biyan ko kwabo a kai musu koke.

In za ka shigo gari, ka taho da rasit ɗin da kuka samu, da sunayen yaran da aka koro, da hoton azuzuwan biyu, wanda aka ɗauka daga ciki yadda za a ga sama ta rufin. Takardar farko zuwa ga sakataren ilimi zan rubuta muku, amma da sunan kwamiti za ta fita, ba da kan takardar ofishina ba, don da zarar sun ga hatimin lauya sai su miƙa wa nasu lauyan a daina magana. Ka kuma nuna wa hedimasta ita kafin a kai, kada ya ji a bakin wani. A gaishe da mutanen gida.